Yadda Ake Gano Da Ɗinke Ɓarakar Memori A Manhajar Da Ke Karɓar Saƙo Daga Sabar

Da asubar wata Talata wani Alhaji ya kira ni daga kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, na'urar nan taku ta sake ɗaukewa. Ga motoci biyu sun iso da tumatir daga Arewa, yara na ta sauke kaya, ba abin da ke shiga lissafi." Na'urar da yake magana ƙaramar kwamfuta ce mai Linux, da layin waya a cikinta. Manhajar da ke kanta da C aka rubuta ta, aikinta ta aika adadin kwanduna zuwa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet, ta karɓo amsa, ta nuna a allo. A ofishinmu na Ikeja, inda intanet ke tafiya sumul, ba ta taɓa tari ba. A kasuwa kuwa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai ta mutu ba sallama.

Abin da zan bi da kai a nan shi ne hanyar da muka bi har muka gano ɓarakar muka ɗinke ta. Na ɗauka ka iya C daidai gwargwado, kana da gcc ko clang, kuma ka san yadda ake buɗe soket.

Da yawanmu muna ɗauka sabar ce kaɗai ke cikin haɗari, tunda ita ke zaune a bakin hanya kowa na ƙwanƙwasa mata. Ita kuwa manhajar da ke kiran sabar muna ganin gida take zuwa, me zai same ta? A watan Fabrairu na 2016 aka bayyana ɓarakar CVE-2015-7547 a cikin getaddrinfo na glibc, inda amsar DNS da aka shirya da mugunta ke iya cika mazubin bayit 2048, wato gurbin da aka ware a memori don ajiye amsar, har ya zube, kuma a ɓangaren mai tambaya abin ke faruwa. A watan Oktoba na 2023 Daniel Stenberg, mai kula da manhajar curl, ya fitar da curl 8.4.0 don toshe CVE-2023-38545. Wannan ta fi kama da tamu: sunan adireshi da ya wuce bayit 255 ake kwafewa cikin mazubin da bai kai ba, kuma abin da ke tada ɓarakar shi ne jinkiri wajen gaisawa da wakilin SOCKS5. Wato sanyin netwok ma makami ne. Microsoft a 2019, da masu Chromium a 2020, kowannensu ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na manyan ɓarakokin tsaronsa daga wasa da memori suke fitowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ƙadangaren bai damu ba ko bangon na sabar ne ko na mai kiranta.

Fara da kama abin a hannu

Kada ka taɓa ko layi ɗaya na kod kafin ka iya sa manhajar ta mutu a gabanka duk lokacin da ka ga dama. Mu mun fara ne da barin tcpdump, mai naɗe duk abin da ke shiga da fita ta netwok, yana aiki a kan na'urar Alhaji:

```
tcpdump -i any -w kama.pcap port 9000
```

Muka kuma buɗe mata damar ajiye hoton memorinta in ta faɗi, da `ulimit -c unlimited` a cikin rubutun da ke tada ta. Bayan kwana uku ta faɗi. Da muka buɗe hoton a gdb, manhajar bin diddigin kuskure, muka buga `bt`, sai ya nuna mana ta mutu ne a cikin free, da saƙon glibc mai cewa `free(): invalid next size (normal)`.

Nan ne mutane ke ɓata mako guda. Inda manhaja ta faɗi daban, inda aka yi mata illa daban. Mutum ne ya ci abincin da ya lalace a Agege, ya hau danfo, ya je ya yi amai a Oshodi. In ka tsaya tambayar masu abincin Oshodi ka wahalar da kanka a banza. Abin da saƙon glibc ke gaya maka kawai shi ne wani ya taka bayanan da malloc ke ajiyewa a gefen mazubi, tun ɗazu. Shi free ɗin ya zo ne ya tarar da ɓarna.

Karanta wurin da saƙo ke shigowa

Tunda mun san a kasuwa kaɗai abin ke faruwa, sai muka nufi inda bayanan waje ke fara taɓa memori. Ga abin da muka tarar, na rage shi kaɗan:

```c
struct amsa {
    char     mazubi[512];
    uint32_t adadi;
};

int karanta_amsa(int fd, struct amsa *a)
{
    uint8_t kai[2];
    recv(fd, kai, 2, 0);
    uint16_t tsawo = (kai[0] << 8) | kai[1];
    recv(fd, a->mazubi, tsawo, 0);
    a->mazubi[tsawo] = '\0';
    return tsawo;
}
```

Tsarin saƙon mai sauƙi ne: bayit biyu na farko su faɗi tsawo, sai jikin saƙo ya biyo. Layukan ba su da yawa, amma laifin da ke ciki ya kai huɗu.

Babban cikinsu, an yarda da tsawon da aka faɗa. Bayit biyu na iya ɗaukar lamba har 65535, mazubin kuwa 512 ne. A Mile 12 ba dillalin da zai biya kuɗin kwando ɗari don takardar direba ta ce ɗari, sai an ƙirga a idonsa. Wannan kod ɗin takarda kawai yake dubawa.

Na biyu shi ne wanda ya ci mu. TCP ba ya kawo saƙo a ƙunshe, kwarara yake kamar ruwan famfo. In ka ce wa recv ya ba ka bayit 300, yana da 'yancin ba ka 300, ko 40, ko 1, gwargwadon abin da ya iso a lokacin. A ofis kullum saƙon na isowa gaba ɗaya, shi ya sa ba wanda ya lura. Da muka buɗe kama.pcap a Wireshark sai ga shi ƙiri-ƙiri: amsa ɗaya ta rabu gida biyu, da tazarar daƙiƙoƙi a tsakani. Manhajar ta karɓi rabin farko ta ɗauka ta gama. Da ta dawo karanta amsa ta gaba, sai ta ɗebo bayit biyu daga tsakiyar ragowar tsohon saƙo ta ce tsawo ne. Haruffan da ta ci karo da su "OK" ne. A lamba, O 79 ne, K 75. Ka ninka 79 sau 256 ka ƙara 75, ka samu 20299. Ko da bayit goma kacal suka biyo baya, layin `a->mazubi[tsawo] = '\0'` zai je ya ajiye sifili a gurbi na 20299, can cikin gonar wani. Haka in wata na'ura a tsakiyar hanya ta tare kiran ta amsa da shafin HTTP, irin na shiga Wi-Fi, haruffan "HT" za su zama 18516.

Na uku, ba a duba abin da recv ya mayar ba. Sifili na nufin ɗaya ɓangaren ya rufe, -1 na nufin kuskure. A duka biyun `kai` na nan da tarkacen da aka tarar a stak, kuma da tarkacen za a lissafa tsawo.

Na huɗu ƙarami ne, amma ni ya fi ba ni tsoro. In tsawo ya zo 512 cif, jikin saƙon ya shiga daidai, sifilin ƙarshe kuma ya sauka a kan bayit na farko na `adadi`. A kan na'urar da ke fara ajiye ƙaramin bayit, kamar x86 da yawancin ARM, adadi 300 zai koma 256. Manhaja ba ta mutu ba, ba ta yi ƙara ba, kwando 44 sun ɓace daga lissafin bawan Allah. Mutuwar manhaja ma rahama ce in aka gwada da wannan.

Gina sabar ta ƙarya, ka kunna masu gadi

Yanzu sai a kawo kasuwa cikin ofis. Python ya isa:

```python
import socket
s = socket.create_server(("127.0.0.1", 9000))
c, _ = s.accept()
c.sendall(b"\x02\x58" + b"A" * 600)
```

`\x02\x58` shi ne 600. Ka yi wata sigar da ke aika saƙo mai kyau amma bayit ɗaya-ɗaya, da `time.sleep(0.05)` a tsakani, da wata mai aika bayit ɗaya ta katse, da wata mai tsawo 512 daidai. Waɗannan huɗun su ne shaidunka. In kana son sanyin sabis na gaske, `tc qdisc add dev lo root netem delay 300ms loss 5%` zai mayar maka da kwamfutarka kamar tana tsakiyar kasuwa ranar da aka yi ruwa. Ka tuna ka cire shi in ka gama, na taɓa mantawa na yini ina zagin kwamfuta.

Sai ka harhaɗa manhajar da masu gadi:

```
clang -g -O1 -fno-omit-frame-pointer \
      -fsanitize=address,undefined mai_kira.c -o mai_kira
```

AddressSanitizer, wanda injiniyoyin Google suka gabatar a 2012, yana kewaye kowane mazubi da shinge, duk wanda ya taɓa shingen sai ya tsayar da komai nan take. Yana rage gudun manhaja kamar da rabi, abin da ba komai ba ne in ka gwada da Valgrind da kan ninka jinkiri sau goma ko fiye. Da sabar mai bayit 600, rahoton ya fito da `heap-buffer-overflow` da `WRITE of size 600`. Ka karanta shi kashi uku. Jerin farko ya nuna layin da ya yi ɓarnar, a nan recv na biyu. Sai bayanin inda aka taka, a nan daidai ƙarshen yanki mai bayit 516, wato 512 na mazubi da 4 na adadi. Sai jerin ƙarshe da ke nuna inda aka yi malloc ɗin yankin. Mun dawo Agege ke nan.

Amma ka lura da abu guda. Da shaidar nan mai tsawo 512, AddressSanitizer shiru zai yi, domin a wurinsa struct ɗin gaba ɗaya yanki ɗaya ne, kuma ba a fita daga yankin ba. Wanda zai kama shi shi ne `undefined` ɗin da muka ƙara, shi zai ce gurbi na 512 ya fita daga jerin mai gurbi 512. Shi ya sa nake kunna su tare kullum.

Facin kansa

Akwai wani ƙanena daga Idi-Araba da nake koya wa aiki. Da ya ga rahoton sai ya ce, "Yaya, ai abin mai sauƙi ne, mu mayar da mazubin 4096." Na ce masa to in 20299 ta zo fa? Ya ce, "To mu sa 65536 mana, Yaya, ba abin da zai wuce shi." Gaskiyarsa ta fuskar zubewa, amma gyaran gangar Auzinawa ne. Rabin saƙo zai ci gaba da wucewa a matsayin cikakke, manhajar ta ci gaba da karanta tsakiyar magana a matsayin farkonta, sai dai yanzu ba za ta mutu ta sanar da mu ba. Ranar da wani ya faɗaɗa kan saƙon zuwa bayit huɗu kuma, an gudu ba a tsira ba.

Gyara na gaske gida biyu ne. Da farko mai karatu da ba ya tashi sai ya cika abin da aka aike shi:

```c
static int karanta_duka(int fd, void *p, size_t n)
{
    uint8_t *b = p;
    while (n > 0) {
        ssize_t r = recv(fd, b, n, 0);
        if (r == 0)
            return -1; /* an rufe kafin a gama */
        if (r < 0) {
            if (errno == EINTR)
                continue; /* sigina ce ta katse, sake */
            return -1;
        }
        b += r;
        n -= (size_t)r;
    }
    return 0;
}
```

Dubi `ssize_t`. In ka ajiye amsar recv a cikin `size_t`, -1 zai rikiɗe ya zama lamba mafi girma da nau'in ke iya ɗauka, gwajin `r < 0` kuma ba zai taɓa zama gaskiya ba. Sai kuma awo kafin zubi:

```c
int karanta_amsa(int fd, struct amsa *a)
{
    uint8_t kai[2];
    if (karanta_duka(fd, kai, sizeof kai) < 0)
        return -1;

    size_t tsawo = ((size_t)kai[0] << 8) | kai[1];
    if (tsawo >= sizeof a->mazubi)
        return -1;                  /* a bar wa sifili gurbi */

    if (karanta_duka(fd, a->mazubi, tsawo) < 0)
        return -1;

    a->mazubi[tsawo] = '\0';
    return (int)tsawo;
}
```

Alamar `>=` ce ta ceci kwandunan nan 44. Da `>` kawai aka sa, da 512 ta wuce.

In saƙo ya fi ƙarfin mazubi, kada ka yanke shi ka ci gaba. Ragowar na nan cikin soket tana jiranka, ita za ka karanta a matsayin kan saƙo na gaba, ka koma gidan jiya. Ka rufe haɗin, ka rubuta a rajista tsawon da aka faɗa, ka sake kira daga farko. Sannan tunda karanta_duka yanzu mai haƙuri ne, sai ka sa masa wa'adi da `SO_RCVTIMEO` ta setsockopt. In ba haka ba sabar da ta aiko bayit ɗaya ta yi shiru za ta riƙe ka har na'ura ta cinye caji.

Bi hanyar kuskure har ƙarshenta

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa. Da, karanta_amsa ba ta taɓa mayar da -1 ba. Yanzu tana yi, wanda ke nufin ka buɗe wata hanya a cikin manhajar da ba a taɓa bi ba. Mu da muka bi tamu sai muka tarar mai kiran yana free ɗin struct ɗin in an samu kuskure, sannan sashen sake haɗi ya sake free ɗinsa. AddressSanitizer ya tsayar da mu da `attempting double-free` a gwajin farko bayan faci. Da mun tura wa Alhaji a haka, da mun canza masa ciwo ne kawai.

Maganin shi ne kowane yanki na memori ya kasance da mai shi guda ɗaya, wanda shi kaɗai ke sakinsa, kuma a rubuta hakan a saman fankishin ɗin. Bayan free ka mayar da manunin (pointer) NULL, bayan close ka mayar da fd -1. Na biyun na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin Linux kan ba da lambar fd mafi ƙanƙanta da ba kowa a kai, don haka lambar da ka rufe yanzu ita za a ba fayil na gaba. Rufewa ta biyu sai ta rufe na wani.

Nemi 'yan uwanta

Hannun da ya rubuta wannan ya rubuta wasu.

```
grep -rnE 'recv|read\(|memcpy|strcpy|strcat|sprintf|sscanf' src/
```

A kowane layi tambaya ɗaya ce: wannan tsawon daga ina ya zo, wa ya auna shi? Abubuwa uku nake sa wa ido musamman. Gwaji irin `matsayi + tsawo > girma` na iya zagayowa in lambobin sun yi girma, jimlar ta koma ƙarama ta wuce. A rubuta shi `tsawo > girma - matsayi`, bayan an tabbatar matsayi bai wuce girma ba. Haka `malloc(tsawo + 1)` in tsawo mai bit 32 ne kuma ya zo 4294967295, jimlar sifili ce, ka nemi mazubin da ba shi da ciki ka zuba masa duniya. Sai `sizeof` a kan mazubin da aka miƙo wa fankishin: girman manuni zai ba ka, 8 ko 4, ba girman mazubin ba. Irin wannan rashin awon ne ya haifi Heartbleed a OpenSSL a watan Afrilu na 2014, sai dai can karantawa aka yi ba rubutawa ba: a faɗi tsawon ƙarya, a kwashe har kusan kilobayit 64 na memorin wani a kowane kira. Don haka memcpy da ke ɗiba daga saƙo ma sai an auna shi da abin da ya iso da gaske.

Bar wa na'ura ta yi maka mugunta

Shaidunka huɗu su zama gwaji na dindindin a cikin ma'ajiyar kod. Ka koma kan tsohon kod ka tabbatar suna faɗuwa, ka dawo kan sabo ka ga sun wuce. Gwajin da bai taɓa faɗuwa ba, ba ka san me yake gwadawa ba.

Amma shaidu huɗu iyakar muguntar da ka iya tunani ce. Sauran sai fazin, wato a sa na'ura ta yi ta jefa wa manhaja gurɓatattun saƙonni don a ga wanda zai kashe ta. Ka raba sashen da ke fassara jikin saƙo daga sashen soket, ya zama yana karɓar manuni da tsawo kawai, sai ka miƙa shi ga libFuzzer:

```c
int LLVMFuzzerTestOneInput(const uint8_t *d, size_t n)
{
    struct amsa a;
    fassara_sako(d, n, &a);
    return 0;
}
```

Ka harhaɗa da `clang -g -fsanitize=fuzzer,address,undefined`, ka zuba masa saƙonni na gaske da ka ciro daga kama.pcap a matsayin iri, bayan ka goge sunaye da lambobin mutane. Zai yi ta murɗa su yana jefawa, duk wanda ya kashe manhajar ya ajiye maka shi a fayil mai suna da ya fara da `crash-`. Mu kan bar shi ya kwana yana aiki, in wuta ta yarda. Kowane fayil da ya fito, a gyara, a ƙara shi cikin gwaje-gwaje.

Ƙanen nawa ya tambaye ni me ya sa ba za mu sake rubuta komai da Rust ba mu huta. Ra'ayina, sabon sashen da zai riƙa fassara bayanan waje, in na'urar za ta ɗauka, Rust ko Go ya fi. Amma harshe zai hana ka taka gonar wani ne kawai, ba zai hana ka ɗaukar rabin saƙo a matsayin cikakke ba. Kuma Alhaji ba zai jira wata shida ba.

Fitarwa

Sigar da za ta je kasuwa ba da AddressSanitizer ake harhaɗa ta ba, kayan gwaji ne. A sa mata `-O2 -D_FORTIFY_SOURCE=2 -fstack-protector-strong`, waɗanda ke sa manhaja ta tsaya in ta ga wasu nau'o'in zubewa maimakon ta ci gaba da gurɓataccen memori. Kada kuma wani ya ce ai muna da TLS. TLS na rufe hanya daga masu leƙe da masu cusa hannu, amma saƙon da sabar ta aiko da tsawon banza zai iso a rufe, a buɗe shi, ya yi ɓarnarsa, kuma SSL_read ma kan mayar da ƙasa da abin da aka nema.

Facin tsaro ya tafi shi kaɗai a komit ɗinsa, ba a haɗa shi da gyaran launin allo ba, bayanin ya faɗi abin da ke tada ɓarakar da sigogin da ta shafa. In wasu na amfani da kod ɗinka, a sanar da su a keɓe su samu lokacin sabuntawa kafin a yi shela. In kuma ɓarakar a ɗakin karatun kod na wasu ka same ta, adireshin tsaronsu za ka rubuta wa, ba dandalin da kowa ke gani ba.

Mun fara ɗora sabuwar sigar a kan na'urori kaɗan, har da ta Alhaji, muka ƙara layi a rajista da ke rubuta duk saƙon da aka ƙi da tsawon da ya zo da shi. Bayan mako guda na tashi daga Agege tun kafin cunkoson Ketu ya kankama, na je na zauna a kan wani juyayyen kwando na buɗe rajistar. Sabis ya yanke sau da dama, kowane karo layi biyu ne: an rufe haɗi, an sake kira. Sau ɗaya an ƙi wani saƙo mai tsawo 18516. Wannan ya nuna akwai abin da ke amsa mana da HTTP a hanya, sai na kwafi lokacin da abin ya faru don in je in duba shi a kama.pcap.